Rumbu ƙarƙashin gawo: daga Maraɗi zuwa ƙasar Matamai

Matafiyin da ya bar Maraɗi da asuba cikin watan Fabrairu, ya miƙi babbar hanyar Damagaram, kafin ya kai Agye zai ga abin da ya saɓa ma lokaci. An daɗe da girbi, gonaki sun koma rairayi da guntayen kara, hunturu ya turnuƙe sama da ƙura, amma ga gawo tsaye tsakiyar gonaki kore shar, sai ka ce shi kaɗai aka yi ma ruwa. Awaki na kwance ƙarƙashinsa suna jiran ƴaƴansa su faɗo. Daga nan har Gazawa da Tasawa ido ba ya rabuwa da itatuwa: gawo da kalgo, aduwa da magarya, da sabarar da aka sassabe aka bar mata reshe biyu ko uku suna miƙewa sama. Wanda ya bi wannan hanya a shekara ta 1984 bai ga haka ba. A lokacin, mutum na iya tsayawa bakin hanya ya hangi gari na gaba, babu abin da ya tsare masa ido sai iska mai ɗauke da ƙasar gonakin mutane.

Waɗannan itatuwa suna da aikin da kowa ya sani, wato makamashi, da abincin dabbobi, da inuwa, da magani. Suna kuma da wani aikin da ba a gani da ido, wanda a yau manyan ƙasashen duniya ke zaman taro a kansa, har ya zama haja mai farashi. Shi ne ajiyar karbon.

Abin da ake nufi da karbon

Duk wanda ya taɓa riƙa gawayi ya riƙa karbon, domin gawayi kusan dukansa karbon ne. Icce yana tattara shi daga iska. Ganyensa na shaƙar wata iska da masana ke kira gaz karbonik, ya haɗa ta da ruwa ta hanyar hasken rana, ya gina jikinsa da ita. Idan aka busar da icce aka auna, kusan rabin nauyinsa karbon ne. Ranar da aka ƙone shi, ko gara ta cinye shi, karbon ɗin ya koma sama. Kilo ɗaya na karbon yana zama kilo 3,7 na gaz karbonik. Man fetur da gazuwal da kwal su ma karbon ne da ya daɗe binne cikin ƙasa, kuma ƙonarsu ce ta cika sama da wannan iska. Kafin zamanin masana'antu tana kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya. A shekara ta 2023 ta kai 420. Ita ce ke tsare zafin rana kamar bargo, ta sa yanayi ya rikice.

Saboda haka duk wurin da ke riƙe karbon ya zama kamar rumbu. Ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin namu na Sahel sun kai kashi 41 cikin ɗari na doron ƙasa, mutanen da ke zaune cikinsu sun haura miliyar 2, kuma bisa ƙididdigar da aka fitar a 2005 suna riƙe da fiye da rubu'in karbon da ruɓaɓɓen tsiro ya bari cikin ƙasar duniya. Rumbu ne mai faɗi amma marar zurfi. Abu biyu ke cika shi ko su zazzage shi: ruwan sama, da hannun mai gona. Hanyar Maraɗi zuwa Matamai tana nuna yadda kowanne ke aiki.

Yadda rumbun ya zazzage

Shekarun 1950 shekaru ne na ruwa, kuma zamanin gujiya. Mulkin mallaka, sannan gwamnatin farko bayan ƴancin kai, sun matsa ma noman gujiya domin ita ce mai kawo kuɗin haraji. Malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke ma kowane kututture don garmar shanu ta wuce. Jama'a kuma sai ƙaruwa take: ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekaru har daji ya rufe ta, ta yi ta raguwa har ta ɓace a kudancin Maraɗi da Damagaram.

Doka ma ta ba da nata ƙarfi. Dokar daji ta 1935 ta Turawan Faransa, da ta 1974 da ta gaje ta, sun sanya manyan itatuwa irin gawo ƙarƙashin ikon hukuma ko da a gonar mutum suke. Manomi na iya shan tara saboda ya sare reshen iccen da ya tsiro a gonar ubansa. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Dabara ita ce a kashe ɗan gawo tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi.

Sai fari ya zo ya tarar da ƙasa tsirara. Daga 1968 zuwa 1974, sannan 1983 da 1984, ruwa ya ja baya, layin damana ya gangara kudu da fiye da kilomita 100. Itatuwa suka mutu a tsaye, waɗanda suka rage aka sare su aka kai kasuwa don a sayi tiyar hatsi. Cikin watan Mayu na 1984 shugaba Seyni Kunce ya tara taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, musamman ranar 3 ga Agusta, amma mafi yawansu ba su ga damana ta biyu ba, saboda awaki da ƙishirwa da rashin mai su.

Asarar ba a itatuwa kaɗai ta tsaya ba. Ƙasar jigawa rairayi ce, ba ta da laka mai riƙe taki, kuma karbon da ke cikinta sau da yawa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Zafi da gara suna cinye duk ganyen da ya faɗo cikin ɗan lokaci. Iskar farkon damana kuwa, idan ta sami gona babu kariya, ƙasa mai laushi take fara ɗauka, ita ce kuma mai ɗauke da taki. Manomi ya shuka sau uku ko huɗu, rairayi na binne tsiron. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, gwaje-gwajen shekaru masu yawa tun daga shekarun 1980 sun nuna cewa gonar da ake kwashe ma kara ƙaf kowace shekara takinta raguwa yake, amfaninta kuma ya bi shi. Wadda ake bar ma kara tana riƙe ƙarfinta. Matsalar ita ce gidan da ba shi da icce, da kara da kashin shanu yake dafa tuwo.

Sassabin zamani

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 yana fama da dashen da ba ya kamawa, ya lura da cewa ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututture masu rai, da saiwoyinsu zurfi cikin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin shekara uku ko huɗu sai ga icce ya fi tsawon mutum, ba reno, ba ban ruwa. Manoma da yawa sun san wannan tun kaka da kakanni, tsoron tara da koyarwar gona mai tsabta ne suka sa aka bari. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari na Maraɗi. Da rabon ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga kuma itacen girki a ƙofar gida, sai maƙwabta suka fara koyi. Aka sa ma abin suna sassabin zamani.

Arewa da Agye akwai garin Ɗan Saga, wanda sunansa ya zagaya duniya saboda wannan aiki. Abin koyi a Ɗan Saga shi ne tsari. Mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da wakilan makiyaya, suka sa doka a kan wanda ya shiga gonar wani da gatari da dare. Sun gane cewa toho ba ya zama icce sai an tabbata wanda ya yi renonsa shi zai ci moriyarsa. Hukuma ta biyo baya sannu a hankali: dokar karkara ta 1993, dokar daji ta 2004, har zuwa dokar 30 ga Yuli na 2020 wadda ta tabbatar ma manomi haƙƙi kan iccen da ya rena a gonarsa.

Ƙasar gawo

A Takyeta hanya ta rabu. Wanda ya karkata kudu zuwa Kance da Matamai ya shiga ƙasar da gawo ke sarauta. A nan ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, jama'a kuwa a cunkushe, gari na kallon gari, babu taƙin ƙasa da ba a nomawa. Duk da haka, daga kan tudu wurin kamar daji yake. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya kiyasta cewa a gundumomin Magarya da Matamai da Mirya kaɗai kimanin hekta miliyan 1 ne suka sake rufuwa da itatuwa. Mafi yawan aikin manoma ne da kansu suka yi shi. Damagaram dama tana da tarihi da gawo: ana ba da labari cewa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi.

Dalilin darajar gawo a fili yake. Yana zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke buƙatar rana, ya yi sabo da rani, lokacin da dabbobi ke buƙatar ci da inuwa. Saiwarsa na nitsewa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma yana cikin itatuwan da ke jawo takin azot daga iska. Ganyen da ya zubar, da kashin dabbobin da suka yini a gindinsa, da ƙurar da ya tare, duk nan suke taruwa. Wanda ya tona ƙasa a gindin gawo ya kuma tona a fili zai ga bambancin launi. Wannan duhun shi ne karbon da ya zauna cikin ƙasa. Da kaka kuma zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika. Haka ajiyar take hawa uku: jikin icce, da saiwoyin da ba a gani, da ƙasar da ke kewaye.

Da Chris Reij da Gray Tappan da masana na Nijar suka kwatanta hotunan sama na da da na baya, a 2009 suka ba da ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar, tare da ƙarin hatsi wajen tan dubu 500 a shekara. Hotunan garin Galma na jahar Tawa, na 1975 da na 2003, sun nuna itatuwa sun ninka sau da yawa alhali mutanen garin ma sun ƙaru. A shekara ta 2011, da damana ta gaza a yawancin ƙasa, gundumar Kance ta fitar da rarar hatsi.

Ruwa ne ko hannu?

Akwai masu cewa ruwa ne ya dawo, shi ya sa ƙasa ta yi kore. Akwai gaskiya a ciki, domin tun daga shekarun 1990 damana ta fi ta shekarun fari. Ruwa shi ke yanka iyakar abin da wuri zai iya riƙewa. A 2023 masana ƙarƙashin jagorancin Compton Tucker na hukumar NASA ta Amurka da Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya da hotunan tauraron ɗan Adam, daga tekun Atlantika har Bahar Maliya, suka sami kusan miliyar 10. A yanki mai ƙarancin ruwa itatuwan hekta guda suna riƙe kimanin rabin tan na karbon. A yankin da ya fi ruwa, tan 3,7. Wanda ya tashi daga Magarya ya nufi Tanut zai ga wannan da idonsa: gawo na raguwa, aduwa da ƙaya suna karɓarsa, daga bisani sai ciyawa.

Amma ruwa kaɗai bai isa bayani ba. Kudu da Matamai da Magarya akwai iyakar Najeriya, ƙasar Daura da Ɓaɓura. Ƙasa iri ɗaya ce, mutane dangin juna, ruwa ma can ya ɗan fi. Duk da haka masu nazarin hotunan sama sun lura cewa a wurare da dama itatuwan gonaki sun fi yawa a gefen Nijar. Girgije bai san iyaka ba. Abin da ya bambanta shi ne abin da mai gona ke yi da toho idan ya zo sassabe.

Ruwan da ya dawo ma ba irin na da ba ne. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Damanar 2024 ta rushe dubban gidaje a Maraɗi da Damagaram, kuma ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Irin wannan ruwa, idan ya sauka a kan fako, gudu yake ya tafi da ƙasa. Idan ya tarar da saiwa da kara da ramukan tassa irin na Ilela, ko rabin wata irin na Keita, sai ya tsaya ya nitse. Zafi kuma na ƙaruwa, shi ma yana gaggauta ruɓewar taki.

A arewa lissafin ya sha bamban. Dokar 1961 ta shata iyakar noma, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta a wajejen Tanut da Dakwaro. A makiyaya ajiyar na cikin saiwar ciyawa da ƴar fatar ƙasa ta sama. Idan aka kafta tudun rairayi aka shuka hatsi, ana samun amfani shekaru kaɗan, sannan iska ta kwashe abin da ya ɗauki zamani yana taruwa. Gobarar daji kuma a dare ɗaya take mayar da ciyawar shekara sama.

Hajar da ba a gani

Tun yarjejeniyar Kyoto ta 1997, da ta Paris ta 2015, kamfanoni da ƙasashe masu hayaƙi suna iya biyan kuɗi ga wanda ya ajiye karbon a madadinsu. Nijar ta taɓa wannan kasuwa: ƙauyuka 26 da suka dasa dakwara a hekta 7200 da taimakon Bankin Duniya sun sami biyan farko, dalar Amurka dubu 450, a shekara ta 2020, bayan jiran fiye da shekara goma. Ɗan kasuwa zai iya raba kuɗin da hekta da shekaru ya ga abin da ya fito. Ƙaron dakwara da ciyawar da ta dawo ƙarƙashinta sun fi wannan kuɗi amfani ga mutanen wurin.

Ya kamata kuma a san girman rumbun. Duk itatuwan nan kusan miliyar 10 suna riƙe da kimanin tan miliyan 840 na karbon, wato kwatankwacin abin da duniya ke fitarwa daga fetur da kwal da gas cikin wata guda. Ɗan Nijar ɗaya bai fi kilo 100 da ɗoriya na gaz karbonik yake fitarwa a shekara ba ta wannan hanya, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Gawon Matamai ba zai iya shanye hayaƙin masana'antun duniya ba, kuma bai kamata a ɗora masa wannan kaya ba.

A nan ne aiki ya faɗo kan ma'aikacin hukuma da ɗan kasuwa. Takardar cinikin karbon tana ɗaure ƙasa shekaru ashirin ko talatin. Duk jami'in da za a kawo ma irinta ya sa hannu, wajibi ne ya tambaya: wa ke da iccen bayan an sa hannu, shin mai gona zai ci gaba da rage rassa ya sayar, ina hanyar makiyayi, kuma nawa ne ke isa ƙauye bayan dillalai sun cire nasu? Itatuwa miliyan 200 sun tsaya ne saboda manomi ya tabbata nasa ne. Takardar da ta mayar da iccen hannun wani, ko da sunan gyaran yanayi ne, za ta koma da shi zamanin kashe ɗan gawo a ɓoye.

Mai fataucin itace shi ma yana da hannu. Mafi yawan gidajen Maraɗi da Damagaram da Yamai da icce suke girki, kuma tun 1992 doka ta kafa kasuwannin itace na karkara don ƙauyuka su riƙa cin moriyar dajinsu. Amalanken da aka cika da rassan da aka rage bai taɓa rumbun ba, domin kututture da saiwa suna nan, baɗi za su mayar. Wanda aka cika da saiwar da aka haƙo, ko gawayin ƙirya da aka kayar, ya ci jari ne. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Da la'asar, a kan hanyar komawa daga Matamai zuwa Damagaram, ana gamuwa da mata ɗauke da ƙunshin rassa, da yara masu buhunan ƴaƴan gawo za su kai ma tumakin turke. A kasuwar Mirya ana auna busasshiyar kuka da tiya, daga itatuwan da kowanne ke da mai shi. Cikin watan Afrilu da Mayu manoma za su fita sassabe, kowa ya tsaya gaban kututture da adda a hannu, ya yanke shawarar abin da zai sare da abin da zai bari. Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa a bar ma na baya abin da za su tarar.